Karatun agogunan jirgin ruwa mai inji, daga kan tirela zuwa tsakiyar dam

Jirgin na faiba ne, tsawonsa wajen mita shida, an sayo shi na hannu daga Kudu aka jawo shi a tirela zuwa Kaduna. A bayansa injin Yamaha ne mai doki 85, tu-sitirok, silinda uku da kafireta uku, irin wanda ake cuɗa masa fetur da mai a tanki. A gaban matuƙi akwai sitiyari, da akwatin giya a hannun dama, da agoguna biyar: na juyin inji, na gudu, na fetur, na batir, da na karkatar inji, wato yadda aka ɗaga shi ko aka sauke shi. Aikina shi ne in bi shi tun daga tudu har cikin ruwa, in ware mai rai da matacce, in kuma zaunar da yaron da zai riƙa tuƙa shi ya iya karanta alluran nan. Zan kawo abin a jere yadda muka bi shi, domin wanda ya tsallake mataki a tudu, a ruwa zai biya.

Ba da mukulli ake farawa ba. A can ƙasan bangon baya, inda injin yake rataye, akwai ɗan rami na zubar da ruwan cikin jirgi idan an fito da shi tudu. Toshiyarsa ba ta fi babban yatsa ba, amma jirgin da aka tura ruwa babu ita, kafin a gama gyara wa mota tsayuwa gindinsa ya fara nutsewa. Na kwance ta, aka ɗaga gaban tirela, ruwan saman da ya taru a hanya ya zube. Na duba robar toshiyar ba ta tsage ba, na mayar na ɗaure. Daga nan na buɗe murfin daɓen jirgi na sa hanci. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasan jirgi yake gangarawa ya kwanta, kuma a can batir da famfo da wayoyi suke. Idan an ji warin fetur a wurin, kada a taɓa ko maɓalli ɗaya sai an gano inda yake yoyo an bar wurin ya sha iska.

Sai batir. Tun kafin in waiwayi agogon da ke gaban matuƙi, na ɗora mitar hannu a kan batirin kansa, inji a kashe, babu abin da ke jan wuta. Batir mai lafiya da ya cika yana ba da bolt 12.6 ko sama kaɗan. Idan ya nuna 12.2, rabi ne. Ƙasa da 12.0 kada a dogara da shi a ruwa. Namu ya ba da 12.5. Da na murɗa mukulli mataki ɗaya ba tare da tayarwa ba, agogon gaba ya nuna 11.8. Wannan tazarar ta yi yawa, kuma ba laifin batir ba ce, wuta ce ke ɓacewa a hanya. Na fiƙe ƙarshen waya ɗaya, sai ga tagullar ta yi baƙi, wani wurin kore, har cikin roba. Aikin ruwan gishiri ke nan, kuma kusan duk jirgin da ya yi zama a Legas ko Fatakwal yana zuwa da shi. Muka yanke kawunan wayoyin har inda tagulla ta fito ja, aka sa sababbin kawuna, aka goge kan batir da burushin ƙarfe, aka shafa giris. Agogon ya hau 12.3. Na ce wa yaron ya riƙe a ransa cewa wannan agogon kullum yana rage 0.2, ba sai an canja shi ba tunda an san halinsa.

Agogon fetur ya fi ba da dariya. Tankin cikin jirgi kusan wayam yake, allura kuwa tana can wajen cika. Cikin tanki akwai ɗan tulun roba mai iyo a kan fetur, yana hawa da sauka, yana canja yawan tirjiyar da wuta ke gamuwa da ita, agogo kuma yana fassara wannan. Matsalar ita ce tsari biyu ne a kasuwa. Na Amurka yana ba da om 240 (om shi ne ma'aunin tirjiyar) idan tanki babu komai, 33 idan ya cika. Na Turai akasin haka yake, daga kusan sifili idan babu komai zuwa wajen 180 idan ya cika. Wani ya haɗa agogon wannan da tulun wancan, shi ya sa allura take tafiya da baya. Na cire wayar tulun na auna da mita, ta ba da ɗari biyu da 'yan kai, wato tulun na Amurka ne, agogon ne baƙo. Aka nemo wanda ya dace. Duk da haka ban ba yaron izinin yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Tankin jirgi dogo ne marar zurfi, da gaban jirgi ya ɗaga fetur ya koma baya, allura ta yi ƙarya. Ana karanta shi ne jirgi na tsaye daidai a ruwa, sannan a riƙe lissafin lita nawa aka zuba, awa nawa aka yi.

Na koma ƙafar inji, wato ɓangaren da ke nutsewa a ruwa. A gefenta sukurori biyu ne na man giya, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na sassauta na ƙasa na bari kaɗan ya ɗigo a farar takarda. Mai mai kyau ruwan zuma ne ko ya ɗan yi duhu. Idan ya fito fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Namu ya ɗan yi fari. Na zare ƙusar da ke tsare notin farfela, na kwance notin, na zare farfelar, ga zaren kamun kifi ya naɗe a bayanta ya narke ya zama zobe, ya ci robar da ke hana ruwa shiga. A ruwan da masunta ke aiki wannan ba baƙon abu ba ne, shi ya sa ake zare farfela lokaci-lokaci ko da babu wata alama. Aka canja robar. Wajen zuba sabon mai, lamba 90 na giya, ɗan sama da rabin lita, ta ramin ƙasa ake turawa har ya ɓullo ta na sama, a rufe na sama tukuna, sannan a zare bututu a rufe na ƙasa da sauri. Wanda ya zuba ta sama iska zai tara a ciki, ya ɗauka ya cika alhali da saura. Na shafa wa sandar farfela giris, na karanta lambar da ke jikin farfelar, ƙarshenta 19. Na rubuta, domin za ta yi amfani nan gaba.

Tunda ƙafar tana hannu kuma ba wanda ya san tarihin injin, muka sauke ta gaba ɗaya muka canja robar famfon ruwa. 'Yar roba ce mai fikafikai, ita ke tsotso ruwa ta ramukan gefen ƙafa ta tura sama ya sanyaya inji. Tsohuwar fikafikanta sun lanƙwashe sun ƙage, ɗaya ya fara tsagewa a gindi. Ruwa ne ke yi mata santsi, don haka injin da aka tayar a tudu babu ruwa, cikin daƙiƙoƙi ya ƙona ta. Masu cewa bari a ɗan ji kukansa kawai, su ne ke kashe wannan roba. In dole sai an tayar a gida, a tsoma ƙafar cikin durom har ruwa ya haura inda famfon yake.

Cuɗin mai ba shi da wahala, amma a nan ake kashe injuna. Wannan injin kashi 50 na fetur ne, kashi 1 na mai. Lita 25 na fetur, rabin lita na mai. Kuma man tu-sitirok na injin ruwa ake nema, mai alamar TC-W3 a jikin galan, ba baƙin man mota ba. A zuba man a jarka, a ƙara fetur kaɗan a girgiza, sannan a cika. Sabon inji ko wanda aka yi wa babban gyara ana ninka masa mai, 25 da 1, har ya yi awa goman farko. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuwa, in babu makawa, a ɗiba a farar kwalba a ajiye ya huce. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙarara. A kan tiyon fetur akwai ƙwallon roba da ake matsawa da hannu, da kibiya a jikinsa, kuma kibiyar inji take kallo. Ana matsa shi har ya yi tauri. Idan ya ƙi tauri, ko iska na shiga ta wani wuri ko fetur na wucewa a kafireta. Idan kuma ana cikin tafiya aka ga ya shanye ya manne, fetur ba ya fitowa daga tanki: ko ƙofar iskar tanki a toshe take, ko rariyar cikinsa ta cushe.

Kafin mu bar gida na zaunar da yaron a kujerar matuƙi, inji a kashe, ya san akwatin giya da hannunsa. Hannu ɗaya ne yake aikin giya da totur. A tsakiya firi ne. A ƙarƙashin mariƙin akwai ɗan maɓalli da sai an matse shi hannun zai bar tsakiya. Turawar farko zuwa gaba giya kawai take shigarwa, abin da ya biyo baya totur ne, haka nan ta baya. Akwai kuma ƙaramin hannu dabam na ƙara wuta alhali inji na firi, don ɗumama shi, kuma sai an mayar da shi ƙasa giya za ta shiga. Mukulli ba ya tayarwa sai a firi. Cok kuma a jikin mukullin yake, dannawa ake yi ciki ana murɗawa. Yaron ya leƙa ƙasa ya ce, "Oga, ina birkin?" Na ce babu. Birkin jirgi shi ne rage wuta tun da nisa, sai ribas a hankali idan an kusa. Ya yi shiru, na ga maganar ta shige shi.

Gwajin ruwa a dam ɗin Kangimi muka yi shi, a ƙaramar hukumar Igabi, ba a kogin cikin gari ba. Kogin Kaduna da rani duwatsu ne da tsibiran yashi, da damina kuma, musamman Agusta da Satumba, ruwa ne ja mai ƙarfi yana tafe da itatuwa da shara. Ba wurin sanin halin sabon jirgi ba ne. Ana son ruwa mai faɗi, kwantacce, inda idan inji ya mutu jirgi zai tsaya inda yake. Muka saka rigar kariya ga kowa, da filafili biyu, da gora, da anka da igiyarta, da bokiti, da tukunyar kashe gobara, da fulogi uku na ajiya da sifanarsu. Na sake taɓa toshiyar gindi da hannuna kafin tirela ta shiga ruwa.

Na sauke injin da maɓallin da ke jikin hannun giya har ƙafar ta nutse, ina kallon agogon karkata yana sauka tare da ita. Na matsa ƙwallon fetur ya yi tauri, na maƙala igiyar kashe inji, wadda in an fizge ta inji ke mutuwa, na ɗaga ƙaramin hannu kaɗan, na danna cok na murɗa. Ba a riƙe mukulli fiye da daƙiƙa biyar, a saki a huta kaɗan a sake. Ya kama. A wannan lokacin idon mutum agogo yake so ya tafi, amma baya ake juyawa. A ƙasan murfin inji akwai ɗan rami da ke fitar da siririn ruwa, shi ne ke nuna famfo na aiki. Namu bai fito ba. Na kashe nan take. Robar famfo sabuwa ce, ramukan ƙafa a buɗe suke, saura ramin kansa. Na zura zaren kamun kifi mai kauri, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin da jirgin ke ajiye. Da na sake tayarwa ruwa ya fito da ƙarfi. Da zare mai laushi ake wannan, ba da ƙusa ba, don bayan ramin tiyon roba ne.

Bayan minti uku na ɗumama, na sauke ƙaramin hannu, allurar juyi ta zauna wajen 800. Lambobin agogon 1 zuwa 7 ne, kowace ɗaya juyi dubu ne a minti. Agogon batir ya hau sama da 13 da na ɗan ƙara wuta, wato caji na shiga. Tsakanin 13.5 da 14.5 ake so a ga ana tafiya. Idan inji na gudu agogo na nan a 12 da 'yan kai, caji ba ya shiga, kuma sau da yawa rektifaya ce ta ƙone, wato 'yar na'urar da ke gyara wutar inji ta shiga batir. Abin da ke ƙona ta kuwa shi ne kan batir mai lilo, ko a cire waya inji na aiki, ko a juya ja da baƙa. A irin waɗannan injuna agogon juyi daga layin cajin yake samun saƙonsa, don haka idan allurar juyi ta fara tsalle ko ta faɗi sifili tare da faɗuwar agogon batir, kada a je sayen agogo, a duba rektifaya.

Sai gwajin igiyar kashe inji. Na fizge ta, injin ya mutu nan take, haka ake so. Igiyar a jikin matuƙi take zama, a wuyan hannu ko a ƙafa ko a rigar kariya. Na sha ganinta a naɗe jikin sitiyari, wurin da ba ta da amfanin komai. Matuƙi ya faɗa ruwa inji na gudu, sitiyari ya karkata gefe ɗaya, jirgi ya riƙa zagaye yana dawowa kan wanda ya faɗa da farfela.

Wajen shigar da giya, a juyin zama ake yi kuma da hannu ɗaya tsayayye, a ji ƙwas sau ɗaya. Mai tausayin inji da ke turawa sannu-sannu shi ke jin ƙarar gurzawa, kuma haƙoran giya ne ke cin juna. Muka fita a hankali. Na sa yaron ya lura cewa gindin jirgi ne ke juyawa ba gaba ba: ya murɗa dama, gindi ya fita hagu. Wanda ya manta wannan a bakin gaɓa zai goga gindin jirgi da abin da yake gudu. Kuma da an koma firi sitiyari ya kusa zama banza, domin turin farfela ne ke juya jirgi.

Da muka fita fili, na sauke injin ƙasa gaba ɗaya, na tura totur. Gaban jirgi ya ɗaga, ya tsaya a haka yana turo ruwa na ɗan lokaci, sannan ya kwanta ya hau saman ruwa. Tsakanin nan, inda gaba ke sama gindi na ƙasa, shi ne wurin da ya fi shan fetur, ya fi tayar da igiyar ruwa, ya kuma rufe wa matuƙi gani. Ko dai a tafi a hankali sosai, ko a haye, kada a zauna a tsakiya. Da ya haye, na riƙa danna maɓallin ɗagawa kaɗan-kaɗan. Ban taɓa totur ba, amma allurar juyi ta ƙaru da wajen 200, sitiyari ya yi sauƙi a hannu, feshin ruwa ya koma baya. Na ƙara, sai gaban ya fara sara, sama ƙasa, sama ƙasa. An wuce ke nan. Na sauke kaɗan ya daidaita, na sa yaron ya yi alama da fenti a gilashin agogon karkata daidai wurin. Alamar ta wannan lodin ce, in mutane suka ƙaru ko suka koma baya za ta matsa.

Yanzu babban gwaji: totur har ƙarshe, da lodin da jirgin zai riƙa ɗauka, mutum biyar da fetur. Kamfanin ya ƙayyade wa wannan injin 4500 zuwa 5500 a cikakken totur. Allura ta tsaya a 4300 ta ƙi gaba. Mai jirgin ya ce, "To ai gara haka, injin bai wahala ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, wahalar ke nan." Injin da aka buɗe wa totur duka amma ya kasa kai juyinsa, nauyi ya fi ƙarfinsa, yana tara zafi da baƙin hayaƙi a kan fistin, kuma ƙarshensa ringi su manne.

Ba a yi wa farfela hukunci tun ba a wanke injin daga zargi ba. Muka koma gaɓa. Fulogi uku duka kalarsu ɗaya, ruwan ƙasa, babu wanda ya jiƙe ko ya yi fari. Awon matsin silinda uku bai bambanta da kashi 10 cikin 100 ba. Inji a kashe na sa aka tura totur ƙarshe, na leƙa, ƙofofin kafireta uku sun buɗe sarai. Ƙasan jirgi a wanke yake. Na kuma tabbatar da agogon kansa da mitar juyi ta hannu, domin a bayan agogon akwai ɗan maɓalli da ake saitawa daidai da irin injin, in an saita ba daidai ba duk karatun ƙarya ne. Agogon gaskiya yake faɗa. Saura abu ɗaya da masu sayo jirgi daga bakin teku ba sa lissafawa. Kaduna tana kan tudu, wajen mita 600 sama da teku, kuma inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, saboda iska ta fi sirara. Kusan kashi 6 ke nan tun ba a yi maganar zafin watan Maris da Afrilu ba. Farfelar da ta yi masa daidai a Legas da mutum biyu, a nan da mutum biyar ta yi masa nauyi. Lambar nan 19 tana nufin inci nawa farfela za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce ba ta zamewa. Kowane inci ɗaya da aka rage yana ƙara juyi 150 zuwa 200. Muka sa mai 17. Allura ta kai 4700 da cikakken lodi, jirgin kuma ya riƙa hawa saman ruwa da wuri. Da mutum biyu ya haura 5000, duk cikin iyaka.

Daga nan ne karatun gaske ya fara, domin agogo ɗaya shaida ɗaya ne, alƙali kuwa ba ya yanke hukunci sai ya ji na biyu. Na riƙa jefa wa yaron tambaya muna tafiya. Juyi ya tashi farat ɗaya, gudu bai ƙaru ba, me ya faru? Idan a kwana ne ko an ɗaga inji da yawa, farfela ce ta shaƙi iska, a rage wuta a sauke inji. Idan kuma a miƙe ake kuma abin na maimaituwa duk lokacin da aka ba da wuta, robar cikin cibiyar farfela ce ta saki, sanda na juyawa fikafikai ba sa bi. Ana tabbatarwa da zana layin fenti daga cibiya zuwa jikin farfela, a ɗan yi tafiya a duba, idan layin ya rabu ta saki. Da ƙaramar wuta takan kai mutum gida. Juyi ya faɗi, gudu ya faɗi, jirgi na karkarwa? A kashe a ɗaga ƙafa, ko raga ce ko ciyawa ko fiffike ya lanƙwashe. Juyi na sauka yana hawa da kansa? Fetur ne ba ya isa, a taɓa ƙwallon roba. Idan matsa shi ya farfaɗo da injin, a tuhumi famfon fetur ko iska a tiyo. Juyi daidai yake da na kullum amma jirgi ya yi nauyi, gindi ya zauna? A buɗe daɓe, ruwa ne a ciki.

Ƙarar gargaɗi kuwa, a wannan injin zafi take nufi, kuma injin da kansa yakan rage juyi. A koma firi, a waiwaya a dubi siririn ruwan nan. In babu, a kashe, a ɗaga ƙafa. A ruwanmu mafi yawan lokuta leda ce, ta fiya wata ko baƙa, ta manne a ramukan shan ruwa, wani lokaci ma da an kashe inji take sakin kanta ta tafi, mutum ya duba bai ga komai ba. A jira ya huce a sake tayarwa. In ruwa na fita amma ƙarar ta dawo, tamostat ne, wato ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, ya ƙage, ko yashi da gishiri sun cushe hanyoyin ruwa, wannan kuma aikin tudu ne. Cire wayar ƙarar don ta daina damun mutane, wanda wasu ke yi, sayen sabon inji ne a kan bashi.

Agogon gudu bai motsa ba sam duk tafiyar farko. Ba wuta yake amfani da ita ba, matsin ruwa ne: ɗan rami a gaban ƙafar inji, da siririn tiyo har zuwa agogo. Yashi ya toshe ramin, na murza siririyar waya da yatsu ya fita. Ko da ya dawo aiki, ba ya nuna komai a ƙaramin gudu, kuma gudun jirgi a kan ruwa yake aunawa, ba a kan ƙasa ba. A dam kusan ɗaya suke da abin da GPS na waya ke nunawa. A kogi kuwa, in ana gangarawa waya za ta fi agogo, in ana haurawa agogo zai fi waya, kuma bambancin shi ne ƙarfin ruwan. Wannan ya shafi fetur kai tsaye. Injin nan a cikakken totur yana shan sama da lita 30 a awa, a 3500 zuwa 4000 kuma shan ya ragu sosai. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin uku na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya, amma wanda ya fara da gangara ya san dawowarsa ta fi tsada. A kogi kuma ana sauka gaɓa ne gaban jirgi na fuskantar inda ruwa ke fitowa.

Famfon kwashe ruwa na ƙasan jirgi an rubuta masa galan 500 a awa, wajen lita 1900, amma wannan lissafin ba tiyo ne ba tudu, a aikace bai kai haka ba. Na ɗaga tulun da ke tayar da shi idan ruwa ya taru da yatsa ya kama, na zuba bokiti biyu ya kwashe. Wayar tulun kai tsaye take zuwa batir da fis ɗinta, don ya yi aiki ko an kashe komai an tafi gida ruwan sama ya sauka. Rariyarsa cike take da yashi da ɓawon gyaɗa, aka wanke. Fitilu kuma, ja a hagu, kore a dama, fara a baya, duk sun kama bayan an canja ƙwai ɗaya, duk da cewa jirgin ba zai yi tafiyar dare ba, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ma tana hana ta. Kusa da kwale-kwalen masunta da masu ɗibar yashi ana sauka zuwa juyin zama tun daga nesa, don igiyar ruwan jirgin nan ta isa ta kifar da kwale-kwale mai lodi.

Abu ɗaya ya rage a sitiyari: a gudu jirgin na jan hannu zuwa dama. A saman farfela akwai ɗan fiffiken ƙarfe mai noti ɗaya, aka sassauta aka karkatar da bayansa kaɗan zuwa dama, wato ɓangaren da yake ja, jan ya ragu. Wannan fiffiken shi ne kuma ƙarfen da ake bari tsatsa ta ci a madadin ƙafar inji, don haka ba a yi masa fenti. Taurin sitiyarin kuwa tsohon giris ne ya daskare a bututun da sandar ke shiga, an wanke an sa sabo, amma kebur ɗin ya fara tsagewa a lanƙwasar baya, an auna tsawonsa za a nemo wani.

A ƙarshe yaron ya rubuta a kati da hannunsa, aka naɗe da farar leda aka manna gefen sitiyari: juyin zama 800, tafiyar yau da kullum 3800, cikakken totur da mutum biyar 4700, batir a kashe 12.3 a agogo, a tafiya 13.8, farfela 17, mai rabin lita a lita 25. Ƙasan katin an bar fili na rubuta awannin aiki, domin jirgin ba shi da agogon awa, kuma man giya da fulogi a awa 100 za a sake duba su.